Saharar Bayan Bungudu

Labbo mai gyaran rediyo bai taɓa jin sunan gari ya ce bai je ba. Ka ce Agadas, ya ce can aka yi masa askin da ya fi kowane daɗi. Ka ce Bilma, ya dafe ƙirji ya ce, "Ai gida ke nan." Mu mutanen Damba, nan cikin Gusau, mun saba da shi. In ya fara sai mu gyara zama a bakin shagonsa mu bar shi ya yi ta zuba, tunda kallon kyauta ne. Shi ya naɗa wa kansa suna Madugu, har ya sayi baƙin rawani irin na Buzaye yana naɗawa ran Juma'a, yana tafe yana tuntuɓe don ba ya ganin gabansa.

Abin bai zama magana ba sai da ya fara zawarcin Mansura, ɗiyar Baba Halliru. Mansura bazawara ce mai keken ɗinki a zauren gidansu, ba ta da yawan magana, amma in ta yi guda sai ka wuni kana juya ta. Labbo kuwa ya mutu a kanta. Wannan kam babu ƙarya ciki, don har ramewa ya yi. To amma maimakon in ya je zance ya yi abin da ya kai shi, sai ya buɗe mata babin Sahara.

"Akwai wani tafki can tsakiyar rairayi," in ji shi, ran nan da yamma, mu kuma muna zaune ƙofar gidan muna ji. "Ruwansa gishiri ne zalla. Gaɓarsa fari fat, sai ka ce an shanya alawayyo. In ka kwanta bisa ruwan ba ka nutsewa, ko da kai dutsen niƙa ne. Ni nan bisa ruwan na sha shayi, har barci ya ɗauke ni."

Baba Halliru, wanda ciwon gwiwa ya hana shi sakat, ya leƙo ya ce, "Yana maganin sanyin ƙashi?"

"Wanka guda, Baba, ka yar da sanda!"

Mansura ba ta ɗaga kai daga ɗinkinta ba ta ce, "Da nisa?"

Nan fa baki ya yanka wuya. Labbo ya gyara rawani ya ce, "Ga wanda bai san hanya ba, wata guda ne bisa raƙumi. Ga ni kuwa da na san yanke, a tahi da hantsi a komo kahin magariba."

Mansura ta ciji zare ta tsinke shi. "To, gani ya kori ji. Ran Asabar ka kai mu, ni da Baba da Gwaggo Yelwa. In na ga tafkin da idona, ka turo magabatanka. In ban gani ba, kada ka ƙara taka zauren nan."

Wani mai hankali da nan zai yi tari ya nemi hanyar fita. Labbo? Cewa ya yi, "An gama!" Kafin gari ya waye labari ya cika unguwa: Madugu zai kai mutane tafkin gishiri a kwaso kyauta. Mata suka fara wanke buhuhuwa. Ni ma na ce a sa da ni, don ba zan yarda a zo ana ba ni labari ba.

Yadda ya shirya abin kuwa, Yari direban a-kori-kura ne ya kwance mana daga baya, don da shi aka ƙulla. Lokacin bazara ce, gulbi ya ƙafe, babu komai sai rairayi shimfiɗe. A bayan Bungudu akwai wani gurbi da ruwa ya rage a cikin gulbin, gaɓa ta kare shi ta kowane gefe, ba ka hango gari. Labbo ya sayar da kekensa ya sayi gishiri buhu-buhu, ran Juma'a da la'asar suka kai can. Ya juye rabi cikin ruwa, ya barbaɗe sauran a bakin gurbin har ya yi fari. Yari ya ce da Labbo ya gama sai ya ja da baya ya riƙe ƙugu ya ce, "Wallahi ya hi na gasken kyau." Yari ya ce, "Ka taɓa ganin na gasken?" Ya ce, "Kai dai ja mota."

Saura matsala guda: Bungudu ga ta nan kusa, ko tuwo bai huce ba ka isa. Sai suka yanke a rufe mu da tampol, a nufi Tsafe da mu tukuna, a juyo, a sake ratsa Gusau, sannan a yi Bungudu, mu ɗauka duniya muka keta.

Ran Asabar da hantsi muka cika bayan mota. Baba Halliru da sandarsa da butarsa, Mansura da mayafinta, Gwaggo Yelwa ƙanwar Baba da buhu da ƙwarya da ludayin kwasa, sai mu 'yan rakiya. Labbo ya fito cikin rawani, da gora rataye, da wani takobi na aro da ya yi tsatsa har ya ƙi fita kube. Ya sa Yari ya ja tampol ya ɗaure ruf.

"Kai, Labbo!" in ji Gwaggo Yelwa. "Mu awaki ne da za a ƙunshe mu? Mi za mu gani a hanya?"

"Gwaggo, iyaka za mu ƙetara, ba ku da takarda. In jandarman Nijar ya ga ko ɗan yatsanku, sai gidan kaso a Yamai. Duk inda mota ta tsaya, kowa ya kama bakinsa. Ni zan yi magana da su, da Faransanci."

Aka kama hanya. Jama'a, zafi! Zafin bazara cikin tampol, ga warin mai, ga gwiwar wani a haƙarƙarinka. Ba a jima ba gumi ya jiƙe mu sharkaf. Labbo yana gaba kusa da direba, iska tana kaɗa shi, yana ƙwala mana bayani ta 'yar tagar baya: "Kun ji zahin nan? Mun hwara shiga Sahara ke nan! Dama da ku tsaunin rairayi ne, hagu da ku ayarin raƙuma!"

"Mu dai duhu muka gani," in ji Gwaggo.

Can mota ta tsaya. Ashe Tsafe ce, mai ya kusa ƙarewa, ga shi lokacin ana tsananin wahalar fetur, sai wurin 'yan bumburutu a bakin titi. Labbo ya raɗa mana, "Iyaka! Shiru!" Muka ƙame, har numfashi muka rage. Muka ji ya sauka yana taku da ƙarfi.

"Bonju, mushe! Sa ba? Wi, wi, kamiyo, Bilma!"

Sai wata murya ta ce, "A'a! Labbo mai rediyo? Subhanallahi, yaushe abin ya same ka?"

"Wi, wi, marsi boku!"

"Kai, ku zo ku gani, Labbon Gusau ya taɓu! To ina rediyona da ka riƙe tun kaka?"

Muka ji an zuba mai da gaggawa, mota ta fizga. Da muka yi nisa Baba Halliru ya buga taga da sanda. "Labbo, wanga jandarma Hausatai ta hi tawa."

"Baba, ai duk sun san ni, har rediyonsu nika gyarawa. Da ba don ni ba da yanzu kuna ɗaure."

Baba ya jinjina kai ya ce, "Allah shi yi ma albarka." Na dubi Mansura cikin ɗan hasken da ke shigowa ta hujin tampol. Ta dai tallabe haɓa.

Aka yi ta tafiya, aka yi ta tafiya. Rana ta take tsaka, sai ji muka yi fuuus, mota ta karkace. Taya ta yi faci. Kuma don Allah ya tashi kama mutum, ba ta tashi yi ba sai da Yari ya ratso ta cikin Gusau, ta bakin unguwarmu. Labbo ya leƙo da ido jawur ya ce, "Agadas ke nan. Nan jandarmomi sun hi mugunta. Wanda ya ɗaga tampol, babu ruwana."

Muna nan zaune muna dahuwa sai jiniyar masaƙa ta ɗauka, wuuu, irin wadda muke ji kullum.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo Yelwa. "Su ma suna da masaƙa?"

"Babba ma," in ji Labbo daga waje.

Jim kaɗan aka fara kiran azahar. Ladanin ya ja, ya tsaya ya yi tari sau biyu, ya ƙara ja. Duk Damba babu wanda bai san tarin Malam Yazidu ladanin masallacinmu ba.

Baba Halliru ya ce, "Wallahi in ba don na san inda nike ba, sai in ce Yazidu ne."

"Ƙanensa ne, Baba. Tun yana saurayi ya yo nan da zama. Tarin gadon gidansu ne."

"Allah Sarki! Bai taɓa gaya min yana da ɗan'uwa a Agadas ba. Mu sauka mu yi salla mu gaisa mana."

"A'a, a'a, Baba! Matahiyi ai yana da rangwame. In mun isa tafki sai mu haɗa, mu yi ƙasaru."

Ni kuwa a daidai lokacin na ji wata mata ta wuce gab da motar tana yi wa mai itace masifa a kan ya ba ta ɗanye. Na rantse da Allah muryar uwargidana ce, har da tsakin da take ja a ƙarshe. Na ce a raina, lalle duniya da faɗi take, ashe kowace ƙasa da irin tata jarrabawar.

Da aka gyara taya muka ƙara gaba. Can muka ji mota ta bar kwalta, ta shiga gargada, ta shiga rairayi tana nishi, ta tsaya. Aka yaye tampol. Haske ya kashe mana ido, muka sauko muna layi kamar kajin da aka kwance daga kasuwa.

To, a gaskiya, ba zan rage wa Labbo hakkinsa ba: da farko abin ya ci mu. Rairayi fari ta ko'ina, ga ruwa kwance a tsakiya, ga gaɓarsa tana ƙyalli. Mutumin da ya wuni cikin tampol, ko bola ka nuna masa sai ya ce Masar ce. Baba Halliru ya ɗaga hannu ya ce, "Allahu Akbar! Yau ga ni a Sahara." Ya ja mu salla, muka haɗa azahar da la'asar, raka'a biyu-biyu. Labbo ya tsaya a bayansa yana ta satar kallon Mansura, ƙirjinsa kamar zai fasa riga.

Ana sallamewa Gwaggo Yelwa ta durƙusa da ludayi ta fara kwasa. Ludayi na farko gishiri. Na biyu gishiri da rairayi. Na uku ta ɗago wani abu baƙi, shimfiɗaɗɗe, busasshe.

"Labbo, mi ne ne wannan ƙarƙashin gishirin?"

"Kashin raƙumi ne, Gwaggo. Ayari na yada zango nan."

"Raƙumi? Raƙumin da ke kashi faifai-faifai? Ni dai wanda na sani ƙwallo-ƙwallo yake yi."

"Na Sahara dabam ne. Gishiri ke sake musu ciki."

Ta ɗebi ruwan a tafin hannu ta kurɓa, ta furzar. "Tir! Gishiri kam akwai, amma da zarnin hitsari."

"To ai shi ne maganin! Baba, naɗe wando."

Sai a lokacin Mansura ta yi magana. "Madugu, ka ce ba a nutsewa. A nuna muna."

Muka ce yau Labbo ya shiga uku. Amma ashe ya yi wannan lissafin. Ya tuɓe riga ya bar wando da rawani, ya ce sai an shafe jiki da gishiri tukuna, haka al'adar wurin take. Ya damtsi gishiri ya goge ƙirji da wuya da fuska har ya yi fari kamar an tsoma shi a gari. Ya ce mu juya baya, don ba a kallon mai shiga. Da muka juyo sai ga shi can tsakiyar ruwa, kwance rigingine, ciki a sama, ya harɗe ƙafa, ya yi matashi da hannuwa.

Wallahi ihu muka yi. Baba Halliru ya yar da sanda tun bai shiga ba. Gwaggo ta saki ludayi ta ce, "La ilaha! Yaron nan ashe wani lokaci yana gaskiya!"

"Wa ke da shayi?" in ji Labbo daga cikin ruwa. "Mansura, kin gani da idonki ko? Gobe war haka magabatana na zaurenku!"

Bai rufe baki ba muka ji ƙasa tana girgiza. Muka waiga. Daga saman gaɓa sai ga ƙahoni, sai ga wasu, sai ga garke guda na shanu farare sun gangaro a guje, hanci a sama, suna kuka. Duk wanda ya san saniya ya san abin da take yi in ta shaƙi gishiri. Ba su ko dube mu ba. Suka faɗa wa gaɓar nan da lasa, sharaf, sharaf, wata ta tura kai cikin buhun Gwaggo, Gwaggo ta kama gindin buhun tana ja tana zagi, saniya tana ja. Kafin ka ce kwabo farin nan ya fara komawa laka.

"Shanun daji ne!" in ji Labbo, yana daga kwance bai motsa ba. "Kada ku ji tsoro, ba su shiga ruwan gish..."

Wani bajimi mai tozo ya shiga ruwan, tsamo-tsamo, ya nufe shi. Muka ga ruwa ko gwiwar bajimin bai kai ba. Ya sunkuya ya shinshina Labbo, ya zaro harshe ya lashe shi tun daga cibiya har haɓa.

"Wayyo Allah! Yari! Yari, zai cinye ni!"

Ya zabura ya miƙe tsaye. Jama'a, ruwan da ba a nutsewa ashe iyakarsa ƙauri. Bayansa kuwa taɓo ne baƙi ƙirin tun daga ƙeya har dunduniya, inda ya kwanta a kai. Ya yunƙura zai gudu, laka ta riƙe ƙafa, rawani ya warware, wata karsana ta taka bakin rawanin, ya koma ya zauna daɓas. Shanu uku suka kewaye shi, kowace da gefen da take lasa.

Sai ga mai shanun ya gangaro, wani Bafillace dattijo da sanda a kafaɗa, fuskarsa cike da fara'a. Ya yi mana sallama, ya dubi dabbobinsa suna lasa, ya ce, "Kai, madalla, madalla! Allah shi saka wa bawan Allah wanga da alheri. Tun da rani ya kama shanuna ba su ga gishiri ba."

Baba Halliru ya ce, "Wane bawan Allah?"

"Wanda ya zuba mana. Jiya da la'asar ina bisa gaɓa na gane shi da mota, yana ta juye buhuhuwa. Na ce yau ga mai sadaka har da dabba." Ya kare ido da hannu ya hango cikin ruwa. "A'a, ai ga shi nan ma! Sannu, Malam! Mi yetti, mun gode! Har jikinka ka shafa musu? Kai, wanga mutum da tausai yake!"

Muka dubi juna, shanu suna ta lasa.

Baba Halliru ya ce a hankali, "Malam, don Allah nan wace ƙasa ce?"

Bafillacen ya dube shi da mamaki. "Ƙasa? Bayan Bungudu ne, Baba. Hau gaɓar nan ka ga hasumiyar masallacin Juma'a."

Wanda ya fara fashewa da dariya Yari ne, ya kwanta kan bonet yana dukan ƙarfe. Sai duk muka ɗauka. Gwaggo Yelwa kuwa ba dariya ta yi ba, ludayi ta jefa, ya sami Labbo a tsakar ka. "Ɗan banza mai bakin ganga! Ka dafa mu cikin tampol wuni guda don ka kawo mu mashayar shanu? Har ka sa na kurɓi hitsarinsu!"

Baba Halliru ya lalubo sandarsa. "Ni duk wannan bai dame ni ba. Ƙasaru, Labbo! Ƙasaru ka sa na ja mutane a bayan Bungudu! Ni da ke zuwa nan ɗaurin aure in koma gida in ci abincin rana! Kowa ya sake alwala, sai mun rama. Kuma kai, in ka ƙara ce min Yazidu na da ƙane, sai na karya ma wanga sanda a baya!"

Mutanen Bungudu masu zuwa ɗiban rairayi da jakuna suka fara taruwa bisa gaɓa suna tambayar ko mahaukaci aka kawo wanka. Bafillacen kuwa har yanzu bai gane ba, yana ta cewa a bar dukan mai sadaka.

Labbo ya rarrafo ya fito, rabi fari rabi baƙi, ya tsaya gaban Mansura yana ɗigar da laka. Na ji tausayinsa, wallahi, don duk wautar nan son ta ne ya sa shi.

Mansura ta dube shi sama da ƙasa. Ba ta yi dariya ba.

"Malam Labbo, tun ran da ka hwara zuwa zaurenmu na san ba ka taɓa wuce Funtuwa ba. Don haka ma na saurare ka. Mijina na hwari direban babbar mota ne. Yau Legas, gobe Agadas, in gan shi sau guda a wata, har ran da anka kawo min hularsa kaɗai. Ni mai zama gida nika nema, wanda in na leƙa zan hango shi bakin shagonsa. Mako guda ina jira ka shigo ka ce min, Mansura, babu wani tafki. Da ka hwaɗi haka, da yau ana rabon goro."

Labbo ya share laka daga fuska. Muryarsa ta fito 'yar ƙarama.

"Mansura, wallahi ko Funtuwar ma ban shiga ba. A tasha na tsaya."

Ta gyara mayafinta ta nufi gaban mota, inda ya zauna da safe, ta buɗe ƙofa.

"Ka makara, Madugu," ta ce. "Saniya ta riga ka hwaɗi."